Foldar Inna

Madatsar ruwa, 4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Ni ƙalau nake, sai ɗan tarin da ya liƙe min tun da aka mayar da ni ɗakin injuna. Har yau ba mu da sabis a nan. Sai mutum ya hau saman tankin ruwa ya ɗaga waya sama kamar mai shanya, ya samu sanda ɗaya, kafin ya ce "salamu alaikum" ta gudu. Shi ya sa na koma wa biro da takarda. Direban da yake kawo mana man dizal ya ce unguwarku kan hanyarsa take, shi zai riƙa kai miki yana karɓo min amsa.

A cikin ambulan za ki ga sabon filashi baƙi. Antibairos na sa miki a ciki. Ranar da waya ta shiga, kafin ta yanke, kin ce kwamfutar da na bar miki ta yi nauyi, sai ki kunna ta ki je ki yi shara ki dawo ba ta gama tashi ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ki soka filashin, ki danna abu ɗaya tilo da ke ciki, ki bi abin da ya ce. Aikinsa shi ne ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe, ya duba abin da ke ciki, in ya ga mugun abu ya kama, sannan ya ba da rahoto.

Ba don kwamfutar nake wannan nacin ba, ta tsufa. Don muryar Inna ne. Ke kika ce min a watannin jinyarta kin riƙa ɗaukar hirarku har sau talatin da ɗaya, kuma wayar da kika ɗauka da ita ta mutu, babu su ko'ina a duniya sai cikin folda ɗaya a kwamfutar nan. Wata takwas ke nan da rasuwarta ban ji ko ɗaya ba. In kin gama sa antibairos ɗin, ki kwafo min su a wannan filashin ki ba direba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Gida, 17 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warware. Tarin nan kada ka yi wasa da shi, na san halinka da magani. Rubutunka kuwa har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda, da ɗalibina ne kai da ka sake.

Na karanta takardarka sau uku, biyu da tabarau. Ka ce abin zai buɗe kowane fayil, ya duba abin da ke ciki, ya ba da rahoto. To, ya ba wa? Nan ka tsaya ka sa aya, ka wuce kamar ba ka faɗi komai ba. Shekarata ashirin da biyu ina koyarwa, na san yadda yaro yake rubutu in akwai abin da ya tsallake da gangan. Ni ban san kan waɗannan abubuwan naku ba, amma na san cewa kai ka sani, kuma wanda ya sani yana iya zama a bakin madatsa yana leƙen ɗakin yayarsa.

Kuma wane bairos? Ta ina zai shigo? Kwamfutar nan ba ta taɓa ganin intanet ba tun da ka tafi. In na gama da ita in goge ta, in naɗe ta a tsohon zanen gado, in sa ta a wadrob ƙarƙashin barguna, in kulle, makullin yana jakata. Maigidan kansa bai taɓa ɗora mata yatsa ba. Filashi ɗaya gare ni, ja, shi ma ba ya yawo: daga kwamfutar sai shagon fotokwafin da ke gaban makarantarmu, a buga min tambayoyin jarrabawa, in karɓi abina in dawo. Nauyin da ta yi tsufa ne. Ni ma da safe sai na daɗe kafin in gama tashi, ba wanda ya ce bairos gare ni.

Na ma tambaya. Malamar lissafi ta ce nata antibairos ɗin ya taɓa cinye mata sakamakon aji guda. Mai gyaran da ke ƙarƙashin benen kasuwa ya ce masu yin antibairos su ne masu yin bairos ɗin, da hannun dama su sake shi, da hagu su sayar maka da magani. Ba wai na yarda da shi ba ne. Mutumin da kantarsa cike take da kwamfutocin da aka kawo da ransu ba su fita ba, ba shi zan ba amana ba. Amma maganar ta zauna min.

Filashinka yana cikin gwangwanin maɓallai, ban soka ba. Batun muryar Inna kuwa, ba su tsaru ba tukuna. Wasu akwai ƙarar fanka, wasu tari ya fi magana yawa. Ka bari in samu hutu in zauna a kansu.

Yayarka

*

Madatsar ruwa, 30 ga Maris

Yaya,

Na samu takardarki, na ji daɗi da ƙaramar ta warware. Tari ya yi sauƙi.

Rahoton ke zai ba wa, Yaya. A fuskar kwamfutar zai rubuta, ki karanta da tabaranki. Kwamfutar da ba ta kan intanet ta yaya za ta aiko min da wani abu, ni da ko gaisuwa sai na hau tanki? Na yi dariya da na karanta, daga baya kuma na daina. Ashe haka kika ɗauke ni.

Jan filashin nan naki shi ne ƙofar. Kwamfutar shagon fotokwafi filashi nawa ake soka mata a wuni? Na ɗalibai, na masu neman aiki, na duk wanda ya wuce. Duk abin da suka zo da shi naki yana kwasowa ya kai miki har cikin wadrob, ƙarƙashin barguna. Ki duba min abu ɗaya: a jikin foldar Inna, can ƙasa a kusurwa, akwai wata 'yar kibiya ƙarama wadda da babu ita? In akwai, wallahi kada ki ƙara kwana ba ki sa abin nan ba.

Yanzu bari ni ma in faɗi tawa, tunda zargi muke. Wata takwas kina ce min ba su tsaru ba. Ni na ce miki ina son tsararru? Tarin ma ina so. Fankar ma ina so, fankar ɗakinta ce. Akwai abin da ba kya so in ji, kuma ina jin na san shi. Inna ta yi magana a kaina, ko ba haka ba? Na san abin da dangi suke faɗa, cewa Auta ya zaɓi aiki ya bar uwarsa. Ranar Laraba saƙonki ya iso ofishin manaja, a ranar na kama hanya ko jaka ban ɗauka ba, na iso na tarar an dawo daga maƙabarta. Har yau in na tuna yadda Kawu ya miƙo min hannu yana kallon gefe, sai in ji abinci ya fita raina. In ta yi fushi da ni, uwata ce, ki bar ni in ji da kunnena. Ba ke za ki tace min ita ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Gida, 9 ga Afrilu

Auta,

Ba ni da gaisuwa yau. Muna nan da rai.

Takardarka ta ɓata min rai, sai na ce bari in sa abin naka kowa ya huta. Jiya Asabar bayan na gama wanki na ɗauko kwamfutar na ɗora a teburin falo. Kibiyar da ka ce tana nan, na gan ta. Na soka filashinka, na danna, na bi duk abin da ya ce kamar ɗalibar kirki. Wani koren layi ya yi ta tafiya kusan awa guda. Sai fuskar ta yi ja, ya ce ya kama abu ɗari biyu da goma sha huɗu, in danna nan ya kawar da su. Na danna.

Foldar Inna babu ita.

Na kashe na kunna. Na cire tabarau na goge na mayar. Na duba kwandon shara na kwamfutar, wayam. Tambayoyin jarrabawata suna nan, hotunan bikin makaranta suna nan, har wasu tsofaffin takardunka da ba su da amfanin komai suna nan daram. Abu ɗaya da ba shi da madadi a gidan nan, shi abinka ya zaɓa ya cinye.

Wata takwas tana cikin zanen gado lafiya lau. Filashinka ya shiga, awa ɗaya ta tafi. Ka ce kana tsoron ta yi magana a kanka. To, yanzu babu mai jin abin da ta ce, ko? Hankalinka ya kwanta? Ban ce da gangan ka yi ba. Ban kuma ce ba da gangan ba ne.

Na biya wurin mai gyara na yi masa bayani. Ya ce in kawo ta ranar Litinin ya wanke ta tas, ya zuba mata komai sabo, za ta dawo garau. Zan kai. Kada ka ƙara aiko min da komai.

Yayarka

*

Madatsar ruwa, 19 ga Afrilu

Yaya,

KADA KI BARI A WANKE TA. In ba ki karanta komai ba ki karanta wannan.

Yau takardarki ta iso, kwana goma bayan kin rubuta, motar direba ce ta lalace a hanya. Litinin ɗin da kika ce ta wuce tuni. Na hau tanki na kira ki sau bakwai, sau biyu ta shiga kika kashe.

Ki saurare ni. Bairos ɗin shagon fotokwafi ba ya goge folda, ɓoye ta yake, sai ya ajiye ta bogi mai kama da ita a wurin, mai 'yar kibiya. Tun tuni ta bogin kike dannawa, ita kuma tana buɗe miki ta gaskiyar don kada ki farga. Antibairos ta bogin ya kama ya kawar. Ta gaskiyar tana nan a ɓoye, ba abin da ya same ta. Amma wankewar da mai gyara yake nufi share komai ne. In ya yi, an gama, ni ma ba ni da dabara.

A bayan takardar nan na rubuta miki matakai shida da manyan baƙi, da zanen inda za ki danna. In kwamfutar tana hannunsa, ki je yanzu ki karɓo, ko a warwatse take.

Maganar da kika faɗa a kaina ba zan amsa ta yau ba.

Auta

*

Madatsar ruwa, 3 ga Mayu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Direba ya dawo hannu wofi. Ya ce ya ba maigidanki takardata a bakin ƙofa, ya ce kuma ya hango ki ta taga kina duba takardun ɗalibai, ba ki fito ba.

Sati biyu ina lissafi iri-iri. Ko an wanke, kin rasa bakin faɗa min. Ko ba a wanke ba, kin same su, kin ga gara in ci gaba da zaton sun tafi. Ban san wanne ya fi muni ba, kuma ina jin kunyar cewa na biyun na fi zargi. Jiya na kusa barin bawul ɗin ruwa a buɗe, sai da abokin aikina ya daka min tsawa.

Layi ɗaya ya ishe ni. Suna nan ko ba sa nan?

Auta

*

Gida, 14 ga Mayu

Auta ƙanina,

Assalamu alaikum. Suna nan. Duk talatin da ɗaya. Ka zauna ka sha ruwa, sannan ka karanta sauran.

Muna lafiya. Ka rufe bawul ɗin mutane.

Ranar Litinin ɗin na kai ta. Mai gyara ya ture wasu gawarwakin kwamfutoci gefe ya ɗora tawa, ya soka wani abu nasa, yana aiki yana cin gyaɗa yana hira da mai shagon kusa. Na ce, "In ka wanke, foldar za ta dawo?" Ya ce, "Malama, ki bar min kawai." Na sake tambaya. Ya ce, "Za ta yi gudu kamar sabuwa." Ka san ni da amsar da ba ita aka tambaya ba. Na ce, "Bawan Allah, dube ni nan. Foldar. Za ta dawo, ko ba za ta dawo ba?" Sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, ai wanda ya tafi ya tafi, sai dai a kiyaye gaba." A lokacin fuskar kwamfutar tana tambayar e ko a'a, yatsansa yana kan madanni. Na rufe murfin, saura ƙiris in haɗa da yatsan. Na zare abinsa na miƙa masa, na naɗe kayata na fito yana kirana. Ba don na san komai ba ne. Ban yarda da shi ba ne kawai, kamar yadda ban yarda da kai ba. Halin nan nawa da kuke ƙorafi a kai tun kuna yara, sau ɗaya dai ya yi rana.

Takardarka ta kwana goma sha ɗaya a gwangwanin maɓallai ban buɗe ba. Da ta biyun ta zo na buɗe su tare. Na bi matakanka shida, na yi kuskure a na huɗu na koma farko. Sai ga foldar ta fito, dishi-dishi, babu kibiya. Na danna ta farko, Inna ta ce, "Wai wannan abin yana ji na?" Na kifa kai a teburin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Yanzu saura abin da ya sa na yi shiru, kuma gara ka ji daga gare ni kafin ka ji daga bakina a cikin na'ura.

Inna ba ta yi fushi da kai ba, ko sau ɗaya. Lamba talatin da ɗaya ranar Juma'a na ɗauke ta, kwana biyar kafin ta rasu. A ciki ta ce, "Ki aika wa Auta ya zo." Za ka ji muryata ina cewa, "Inna, bai yi wata biyu da fara aikin nan ba, in ya taho za su ba wani. Ki bari ki ɗan ji sauƙi." Ta ce, "To." Can ta sake faɗa. Na sake ba ta amsar. Na uku ba ta ƙarasa ba, ta ce, "Shi ke nan, ke kika sani." Ban aika ba sai ranar Talata, da na ga ta daina karɓar ruwa. Da na aika ranar Juma'ar, da ka same ta tana magana.

Na zaci ina kare maka aiki ne. Amma da dangi suka fara cewa ka zaɓi aiki, ina zaune a wurin, na ji, ban buɗe baki ba. Da Kawu ya kau da kai ina tsaye a bayansa. Wata goma ke nan kana ɗauke da kayan da nawa ne.

Shi ya sa da ka rubuta cewa abin zai buɗe kowane fayil ya ba da rahoto, ban ga komai a layin ba sai lamba talatin da ɗaya. Kuma bari in faɗi mafi munin. Ranar da foldar ta ɓace, kafin tashin hankali ya zo, sai da na ji wani sanyi a raina na ɗan lokaci, cewa yanzu ba mai ji. Na tsani kaina a kan wannan, sai na ɗauki biro na juye a kanka.

Ga baƙin filashinka. Na sa antibairos ɗin ya duba shi sau biyu, ya ce lafiya. Ban cire ko ɗaya ba, ban yanke ko daƙiƙa ba. Jan filashin na daina kai shi shagon nan, malamar lissafi ta ce in riƙa bugawa a ofishin makaranta.

Ban ce ka yafe min yanzu ba.

Yayarka

*

Madatsar ruwa, 27 ga Mayu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, tari ya tafi. Filashi ya iso, na kwafe su gida uku kafin in saurari ko ɗaya.

Na fara da ta talatin da ɗaya. Na ji. Na fita na zaga madatsar nan a ƙafa. Ba zan yi miki ƙarya ba, raina ya ɓaci, har yanzu bai gama sauka ba. Kwana biyar ɗin nan ba za su dawo ba, kuma Kawu ke za ki je ki gaya masa da bakinki, ba ni ba.

Daga nan na koma ta farko na biyo su a jere, kullum uku bayan an tashi aiki. Na ji labarin yadda ta ɓatar da ni a tashar mota ina shekara huɗu, ashe ke kika gano ni. Amma akwai abin da ke ba za ki ji a cikinsu ba, don kin saba. A bayan muryarta akwai ƙarar cokali a kofi. Akwai matse tsumma a ruwa. Akwai inda take tsakiyar magana ki ce, "Bari in juya ki, Inna," a ji numfashinki kina ɗaga ta. A ta goma sha tara ta ce ki je ki kwanta, kika ce kin yi barci a makaranta, ita da ke kuka yi dariya don kun san ƙarya ce. Na saurara da kyau, Yaya. Duk talatin da ɗayan kina ciki. Ni ba na cikin ko ɗaya.

Na nemi hutu, an ba ni sati biyu a watan gobe. Zan zo in haɗa kwamfutar da intanet antibairos ɗin ya sabunta, kina zaune kina kallon hannuna, tunda na san ba za ki yarda ba sai haka. Ki fito da ita daga cikin bargunan nan, zafi yana kashe ta.

Akwai wata mata da Inna take ta ambata a ta bakwai, mai ɗinkin da ta ce ta riƙe ta lokacin da Baba ya rasu. Ban san ta ba. Kada ki rubuto min. Ki bari in na zo mu kunna tare, ki tsayar a wurin ki gaya min.

Ƙaninki,
Auta